Sikelin Da Bai Taɓa Cewa Bai Sani Ba

Wahala ce kawai, babu komai a cikinta sai wahala. Na yi dako a tashar Tasawa, na yi haƙar rijiya, na yi cirani har na gaji, amma ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai kamar awon wake da sikelin koperatif ba. Sauran ayyukan baya suke karyawa, ka kwana ka tashi ka miƙe. Wannan kuwa sunana ya taɓa.

Koperatif ɗinmu na Mayahi yana karɓar wake a hannun manoma bayan girbi, a ajiye a mangaza, babban ɗakin ajiyarmu, har kaya su yi daraja, sannan a sayar a ba kowa gwargwadon abin da ya kawo. Abin da ka kawo kuwa, shi ne abin da sikeli ya faɗa. Ni aka ba sikelin. Ba don ilimi ba, ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, sai don na san lambobi kuma ba a taɓa jin na ɗauki abin wani ba. Haka parzidan ɗin koperatif, wato shugabanmu, ya faɗa da bakinsa a gaban mutane ranar da ya miƙa mini makullin mangaza. Na riƙe maganar, shi kuma ya manta da ita.

Sikelin kashi biyu ne. Akwai farantin ƙarfe da ake ɗora buhu a kai, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Akwai kuma allo, kamar ƙatuwar salula, inda kilo ke fitowa. Waya ce ke haɗa su. Mutumin da ya kawo shi ya koya mini a tsaye, yana duban agogo: nan ake kunnawa, nan ake soka waya, nan ake dannawa lamba ta tafi biro, wato ofishinsu. Bai ce mini wanne ke gaba da wanne ba. Ni ma ban tambaya ba, don ban san abin tambaya ne ba.

A mangaza ba a cire wayar, kullum a haɗe suke, ka zo da safe ka kunna kawai. Sai ranakun da muke fita ƙauyukan wajen garin Sarkin Hausa, inda mota ba ta son yashi. Sai a ɗora faranti a amalanke, ni kuma in cire allon in sa a jaka in rungume. Mai amalanken sa'ana ne, tare muka yi kiwo muna yara, kuma tun lokacin bakinsa ba ya hutawa.

Allon nan nauyin barci gare shi. In ka kunna shi sai ya yi ta juya wani ɗan zobe a fuskarsa, ya juya, ya juya, kai kana tsaye kamar wanda ya zo roƙo. Fitarmu ta farko garin kawuna muka je, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwarta. Dattawa sun jeru da buhunansu, rana ta fara zafi. Na haɗa waya, na kunna, muka tsaya duka muna kallon zobe.

Wani tsoho ya ce, "Kai, wanga abu naka sai an dama mishi kunu kahin ya tashi?"

Mai amalanke ya ce, "Ma'aikaci ne, Baba. Bai iso biro ba tukuna."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Da muka gama ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan nan, ba a barin manya tsaye a rana suna jiran yaro. In abin naka jinkiri gare shi, ka tashe shi tun a hanya."

Ina da furfura a gemu, amma a wurinsa ni yaro ne, kuma gaskiya ya faɗa. Daga ranar, da mun hango rumbunan gari sai in ciro allon in kunna shi a kan amalanke. Kafin mu sauke faranti ya gama juye-juyensa, in soka waya, a ɗora buhu, kilo ya fito nan take. Har yabona aka yi. Aka ce na iya da shi.

Mutanenmu ba sa kawo wake haka kawai. Kowa ya auna da tiya a gida kafin ya ɗinke buhu, matarsa na zaune tana ƙirgawa tare da shi. Sun san abin da ke cikin buhunsu fiye da yadda suka san haƙoransu. To sai aka fara gunaguni. Wannan ya ce buhunsa ya rage, wancan ya ce nasa ma. Ba ragi mai yawa ba, kamar tiya biyu a buhu, amma tiya biyu abincin gida ne. Ni kuwa in nuna musu allon in ce ga shi nan, ba ni na rubuta ba. Na ce wataƙila waken ya ƙara bushewa. Na ce wataƙila tiyarsu ta lotse. Da zuciya ɗaya na faɗa, don allon bai taɓa nuna mini alamar wani abu ya same shi ba. Fuskarsa kore shar, lambobi tsaf, kamar mutumin da ya san abin da yake faɗa.

Komawarmu garin Kawu, ya kawo buhu, aka ɗora. Ya sa aka karanta masa lambar. Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake.

Ya ce, "Buhun da na kawo wancan zuwan, da wanga, gona ɗaya, tiya ɗaya, hannu ɗaya ya cika su. Mi ya cinye na yau?"

Na ce, "Kawu, abin da na'ura ta ce ke nan."

Ya ce, "Sauke mini kayana."

Ranar kasuwar Mayahi sai ga shi da buhun nan a amalanken maƙwabcinsa, tsoho da ciwon gwiwa, ya sha yashi tun safe. Bai gaishe ni ba. Ya ce a kira parzidan. Parzidan ya zo yana gyara hula, 'yan kasuwa suka taru a ƙofar mangaza don sun ji ƙamshin rigima. Aka ɗora buhun a sikeli, sikelin nan dai, da hannuna na kunna shi da safe. Kilo ya fito cif, babu ragin ko ƙwaya.

Na tsaya ina kallon allon. Da yana da wuya da na shaƙe shi.

Parzidan ya ce, "To. A gabanmu sikeli daidai yake. A daji, inda babu kowa sai kai, yana ragewa. Yaya ke nan?"

Na ce, "Alhaji, wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Mu ma ba mu sani ba. Kawo makulli."

Wani daga baya ya ce, "A duba gidansa, wake ba ya tashi sama." Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa waken duka yana mangaza, ko tiya ɗaya ba ta fita ba. Ba tunani suka zo yi ba. Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya dube ni ya ce, "Gara da uwarka ba ta ga wanga ba." Ya hau amalanke ya tafi.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. A masallaci in na tsaya a sahu sai in ji na kusa da ni ya ɗan ja kafaɗa. Mai shayi ya fara kirana Mai Kilo, yara suka ɗauka. Matata ta je biki garin Kawu, ta dawo tun kafin a raba abinci, ta shiga ɗaki ta ja labule. Na je gaishe da Kawu, na yi sallama a ƙofar zaure, ina jin tarinsa a ciki, aka aiko aka ce mini ba ya nan. Mutanen da na yi wa dakon kaya kyauta, waɗanda na haƙa wa rijiya, duk suka zama masu gaskiya a kaina. Kuma dukansu sun fi yarda da allo a kan mutumin da suka sani tun yana tsirara.

Sikelin aka ba ƙanen parzidan. Da farko lafiya lau, don shi yana son a taru a kalle shi yana haɗa waya yana danne-danne, sai ya sa dattawa su yi ta jira. Awo ya fito daidai, aka ce ai ga shi, an cire ɓarawo kaya sun cika. Amma zafin rana ba ya barin kowa da yanga. Mai amalanke ya gaji da tsayuwa, ya ce masa, "Wanda ka gada tun a hanya yake tashinsa." Ya fara kunnawa a hanya. Gunaguni ya dawo, har wani ya kama shi da kokawa a wani ƙauye ya yaga masa riga.

A nan ne fa aka gano cewa na'ura tana iya lalacewa. Da ni ne, ɓarawo ne. Da ƙanen parzidan ne, sai aka ce a kira teknisiye, mai gyaran na'ura, daga Tasawa.

Saurayi ne siriri, ya zo a moto, wato babur, da jaka a baya. Ya gwada sikelin a mangaza da duwatsun awo da ya zo da su, daidai. Ya kwance, ya hura, ya ɗaure, daidai. Sai ya ce a kira masa duk wanda ya taɓa fita da shi. Aka aiko mini. Na ce ba ni zuwa. Mai amalanke ya zo da kansa ya ce, "Tashi, kai ma ka je ka ga yadda ake wanke ɗan manya." Don wannan maganar na je.

Teknisiyen ya gaishe ni da ladabi, na amsa da ƙyar. Ya ce, "Baba, ina son ka nuna mini yadda kake yi, tun daga fitowa."

Na ce, "Yadda nake sata?"

Ya ce, "Yadda kake aiki."

Na ce, "Samari, ku ne kuka kawo shi, ku ne kuka san cikinsa. Ni jaki ne, ɗauka kawai nake yi."

Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ya sa aka fitar da faranti aka ɗora a amalanke kamar za mu daji. Na cire waya, na sa allo a jaka. Muka zaga bayan mangaza, parzidan da ƙanensa suna biye da mu a ƙasa. Na ciro allon na kunna.

Ya ce, "Tsaya. Yanzu kake kunnawa? Babu waya?"

Na ce, "To in bar dattawa a rana?"

Ya dafe kai. Ya bari zoben ya gama juyawa, muka sauke faranti, na soka waya, ya ɗora dutsensa. Kilo ya rage. Ya kashe allon, ya sake kunnawa da wayar a haɗe, ya ɗora dutsen. Ya cika. Ya yi haka har ya ishe shi, babu kuskure ko sau ɗaya.

Sannan ya yi mana bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, sai da na ce ya bar Faransancin don ba da shi aka zage ni a gari ba. Ya ce kowane faranti da irin jinsa, babu biyu da ke jin nauyi iri ɗaya. Don haka a cikin kowanne akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gero da ke riƙe da lambar gyaransa. A cikin allon kuma akwai wani ɗan tsari da aka rubuta, suna ce masa pilot, shi ne mai magana da faranti. Da an kunna allo, pilot ɗin zai tambayi faranti: kai wane ne, mece ce lambarka? In ya ji amsa, awo ya yi daidai.

Na ce, "In bai ji ba fa?"

Ya ce, "Nan ne matsalar. In tambayar ta faɗi, ana dawo masa da alamar cewa ba a samu ba. Wanda ya rubuta shi bai sa ya duba alamar ba. Sai ya ɗauki wata lamba da aka zuba masa tun daga masana'anta, ya ci gaba da aiki da ita kamar ita ce ta gaskiya. Kuma ba ya sake tambaya sai an kashe an kunna."

Na ce, "Wato ya yi tambaya, ba a amsa ba, sai ya ƙaga amsa."

"Kusan haka."

"Kuma bai faɗa wa kowa ba."

"Ba a rubuta masa ya faɗa ba. Da an yi daidai, sai ya tsaya, ya nuna ja, ya ce ban ga faranti ba, ba zan auna ba. Layi kaɗan ne, Baba. Mantuwa ce."

Mantuwa. Na ce, "Shi mai mantuwar yana ina?"

Ya ce bai san shi ba, wata ƙasa ce mai nisa, wataƙila ma ya bar aikin.

Na ce, "Yana da kawu?"

Mai amalanke ya yi dariya, shi kaɗai.

Ni abin da ya tsaya mini a wuya ke nan har yau. Yaron da ka aika kasuwa, in bai ji saƙo ba, ya dawo ya ce ban ji ba, ka yi masa faɗa ka sake faɗa masa. Wanda zai tafi ya sayo abin da ya ga dama ya miƙo maka da fara'a, wannan mugu ne. An zauna a ɗaki mai sanyi an ƙera mugun yaro, an sa shi a kwali an aiko mana, kuma aka ce mu yarda da shi fiye da tiyar iyayenmu. Ni da aka tambaye ni a gaban kasuwa na ce ban sani ba, aka karɓe mini makulli. Shi bai taɓa cewa bai sani ba, shi ya sa aka gaskata shi.

Teknisiyen ya ce akwai gyara. Zai koma Tasawa inda rezo, wato sabis ɗin salula, ke da ƙarfi ya sauko da sabon pilot, gobe da la'asar ya dawo ya zuba. Daga nan in aka kunna babu waya, allon zai yi ja ya ƙi aiki. Wannan ragin ba zai sake faruwa ba, ko an so a nuna shi.

Parzidan ya ce, "Madalla. To magana ta ƙare. A gyara, a yi shiru." Ya juyo wurina yana murmushi, ya ciro makulli daga aljihu. "Karɓi kayanka. Mu dama ba mu taɓa zarginka a zuci ba."

Na ce, "Alhaji, a gaban kasuwa ka karɓa."

Ya ce, "To me kake so, in sa a yi shela?"

Na ce, "E. Ko ka hau amalanke mu je garin kawuna ka faɗa da bakinka."

Murmushin ya tafi. Ya ce in aka faɗa wa ƙauyuka sikeli ya yi ragi, kowa zai zo neman cikon wakensa, har wanda ba a rage wa ba, koperatif zai watse. Ya ce in yi haƙuri, mutane suna mantuwa. Ƙanensa ya ce ai shi ma an yaga masa riga bai ce komai ba. Na ce riga ana ɗinke ta.

Na dubi teknisiyen na ce, "Kai fa, samari? Za ka je?"

Ya ce shi aikinsa na'ura, zai rubuta abin da ya gani ya kai biro. Na ce biro ba ta hana ni shiga zaure ba. Ya sunkuyar da kai yana ɗaure jakarsa. Ba mugu ba ne, ya gano abin da babu wanda ya gano, amma da ya tayar da moto na ji ina ƙinsa tare da sauran.

Na karɓi makullin. Parzidan ya ɗauka na haƙura. A hanyar gida nake ta juya maganar: gobe da la'asar za a warkar da sikelin, ya zama mai gaskiya, ya fara cewa ban sani ba kamar mutumin kirki. Daga nan babu wanda zai sake ganin ƙaryarsa da ido. Zai wanke kansa, ni ya bar ni da Mai Kilo har kabari. Na biya gidan mai amalanke na ce ya ba shanunsa harawa da kyau.

Washegari da muka fito daga sallar asuba na buɗe mangaza, ban nemi izinin kowa ba. Muka ɗora faranti, na rungumi allon, muka kama yashi. Da muka hango rumbunan garin Kawu na kunna shi a kan amalanke, yadda shi Kawun ya koya mini. Muka sauke a ƙofar zaurensa. Ban yi sallama ba, don na san amsar. Mai amalanke ne ya ɗaga murya ya ce duk mai son ganin ɓarawon wake ya fito, mun kawo shi a ɗaure.

Aka fito. Kawu ya fito daga ƙarshe, yana dogara sanda. Na ce a kawo buhun nan nasa, na san bai sayar ba. Aka ɗora, na sa wani malamin lakwal na garin ya karanta, ba ni ba. Ya rage. Na kashe allon a gabansu, na bar wayar a soke, na kunna. Muka tsaya muna kallon zobe, rana tana hawa, ban ba kowa haƙuri ba. Na ce yau kowa zai jira. Kilo ya fito, ya cika. Na cire waya na sake yi. Wani ya ce a gwada da nasa, aka gwada. Na faɗa musu abin da teknisiye ya faɗa, da Hausar da zan iya.

Tsohon nan mai maganar kunu ya ce, "Ashe shi ma in an tashe shi da wuri ƙarya yake yi."

Kawu ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Wa ya ce ka riƙa kunna shi a hanya?"

Na ce, "Kai, Kawu."

Ban sa ran zai ce ya yi kuskure ba, tsoho ba ya ba ɗan ƙanwarsa haƙuri a gaban gari. Ya juya ya nufi zaure, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba, ya ce, "Ka shigo ka sha ruwa. Wanga abu kuwa ka bar shi waje."

Na bar shi a rana, na cire takalmi na shiga.